Kwalaben Waken Irma

A gonar Wannes tuta ce ke magana. In ka ga mai ruwan ɗorawa a bakin kunya, ka tsinki na girkin yau ka bar wa na bayanka. In ja ce, abu ya yi yawa ke nan, ɗebi iya ƙarfinka ka je ka adana kafin ya lalace a gona. Gidajen garin ne suka haɗa kai suka ɗauki nauyin gonar tun farkon shekara, kowa da rabonsa, kuma kowa shi ke zuwa ya girbi abinsa da hannunsa. Masu aikin ofis ba sa murna da jar tuta, don aiki take jawo musu. Irma kuwa tun daga kan keke take hango ta, fuskarta ta washe kamar wadda aka yi wa albishir.

Mijinta Firmin shi ne ɗan dako. Fiye da shekara arba'in yana bin ta da kwando, tun suna da nasu lambun a bayan gida, har ciwon zuciya ya raba shi da shebur suka shiga gonar tarayya. Bai taɓa ƙorafi ba. To, ya yi, amma irin ƙorafin da ake yi ana murmushi.

Wata safiya a tsakiyar bazara Wannes ya tare su a bakin rumfar gona, hannunsa duk laka.

"Baba Firmin, yau ma an ɗauro ka?"

"Ni ai jakin gidan ne. In na ƙi, ba abinci."

Wannes ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ko'ina ba. Idonsa na kan kwandon. Kwandon cike yake da kokwamba, manya da 'yan jarirai, an share kunya guda tas, alhali tutar da ke kanta mai ruwan ɗorawa ce. A gonar nan babu abin kunya irin wannan. Rabon gidajen da ba su zo ba tukuna ne aka kwashe.

Firmin ya dubi matarsa. Tana tsaye tana kakkaɓe ƙasa daga siket ɗinta, hankalinta kwance.

"Ni ne," in ji shi da sauri. "Idon nan nawa, ja da ɗorawa duk ɗaya suke zame mini yanzu. Ka yi haƙuri, a zuba a rumfa kowa ya ɗiba."

Irma ta juyo ta zuba masa ido. "Kai ka tsinke su? Haba Firmin. A kan tutar ɗorawa?"

"Na ce ni ne, tsohuwa."

"Ka ba mu kunya," ta ce a hankali, ta karɓi kwandon ta kai rumfa da kanta tana ba Wannes haƙuri.

Ba wannan ne karo na farko ba. Makullin gida da aka tsinta cikin firji, shi ne. Murhun da aka bari a kunne aka tafi coci, shi ne. Madarar da aka sayo sau biyu a yini ɗaya, shi ne. Firmin ya ƙware wajen cewa "ni ne" har kalmar kan fito kafin ya yi tunani. Yana da dalilinsa, dalilin kuwa yana zaune a gidan da ke kallon nasu. Maƙwabcinsu Remi ne. Bara 'ya'yansa suka kai matarsa Odile gidan kula da tsofaffi, can hawa na sama inda ƙofa ba ta buɗuwa daga ciki. Miji ba ya kwana a can. Remi kan hau bas da rana ya je ya zauna kusa da ita, ya dawo da yamma ya ci abinci a tsaye a kicin. Ta taga Firmin ke ganinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Su ma suna da 'ya, Hilde, ma'aikaciyar jinya a birnin Antwerp. Ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Ta dai ga tsofaffin da aka tsinta a ƙasan banɗaki bayan kwana biyu, abin ya tsaya mata a rai. Ranar da aka sallamo Firmin daga asibiti ta faɗa masa a mota, ba ta ɓoye ba.

"Baba, Mama ce ke riƙe da gidan nan. Kai ko matakala ba ka hawa sai ka huta. Ranar da ta kasa, dole mu zauna mu yi magana."

Tun daga ranar Firmin ya ƙudura a ransa cewa wannan zama ba za a yi shi ba. Duk tsiya, shi da Irma a gidansu za su ƙare, gado ɗaya, tebur ɗaya.

Ana nan sai jar tuta ta hau kan koren wake.

Wake shi ne alfaharin Irma. Tumatir kowa na iya dafawa ya ɗura, kokwamba kuwa ruwan tsami ne ke yin rabin aikin. Amma wake ba ya yafiya. Za ta zauna a bakin ƙofar kicin ta tsinke kai da gindi, ta karya, ta wanke, ta jera cikin kwalabe a tsaye, ta zuba ruwan gishiri. Sai zoben roba a bakin kwalba, sai murfin gilashi, sai 'yan ƙarafuna biyu da ke danne murfin. Daga nan a jera su cikin babbar tukunya a yi ta tafasawa tun hantsi har rana ta karkata, a bar su su huce, jibi a sake maimaitawa, yadda mahaifiyarta ta koya mata. In sun huce na ƙarshe sai a cire ƙarafunan. Wannan doka ce da ko yaro ya sani a garin. Kwalbar da ta dahu, murfinta ya kama da kansa, kana iya ɗaga ta da shi. Wadda ba ta dahu ba, in abin ciki ya fara lalacewa, iskarsa za ta ture murfin, sai ka gane ka zubar. Wanda ya bar ƙarfe a kan kwalba a ɗakin ajiya ya toshe mata baki ne, guba na ciki ba ta da halin faɗa. Lalataccen wake kuwa ba kullum yake wari ba.

A duk zamansu kwalbar Irma ba ta taɓa buɗewa ba. Matan garin kan ce hannunta ne, ita kuma ta ce ba hannu ba ne, haƙuri ne, su ba su da shi.

Bana Firmin ya lura tukunya na sauka da wuri. Yana zaune yana karanta jarida sai ya ji ta kashe wuta.

"Har sun yi?"

"Tun yaushe. Kai barci kake yi."

"Ai yanzu kika ɗora, Irma."

"Za ka koya mini dafa wake ne? Kai da ko ƙwai ba ka iya dafawa sai ya fashe? Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Da ta fita shanya ya lallaɓo ya sake kunna wutar, ta dawo ta kashe, ta yi masa faɗan ɓarnar gas. Tafasa ta biyu kuwa ba a yi ta ba sam. Da ya tuna mata, ta ce an yi jiya, shi ne ya manta. Haka kwalabe suka sauka ɗakin ƙasa, layi bayan layi, kore shar, gwanin sha'awa.

Ba a yi wata ba, wata safiya ya sauka ɗauko dankali, ya ga murfi ɗaya ya ɗan karkace. Ya taɓa da yatsa, murfin ya zame. Ya daɗe tsaye a wurin da kwalbar a hannu. Abin da yake ta ƙaryatawa tun farkon shekara, ga shi kwalba ta faɗa masa. Ya zauna a kan matakala. Sannan ya fita ta baya, ya juye waken cikin ramin taki, ya rufe da ganye, ya wanke kwalbar ya ɓoye a gareji.

Bayan kwana kaɗan wasu biyu suka bi. Sannan uku. Layin ya fara giɓi. Irma kuwa kowace safiya sai ta sauka ta gai da kwalabenta, tana shafa su da tsumma. Ranar da ta ga giɓin ta hauro tana haki.

"An shigo mana. Wani na ɗibar mini wake. Ko Remi ne? Tun da aka ɗauke matarsa yake leƙen gidan nan."

"Ba ruwan Remi. Ni ne na ci."

"Kai kaɗai? Ba ka kira ni ba?"

"Yunwa ce ta kama ni."

Ta kalle shi, wani irin kallo da bai gane ba a lokacin. Ta koma kicin, ya ji tana sharar hanci.

Ga kuma Hilde. Duk zuwan da za ta yi, kafin ta cire kwat sai ta buɗe ƙofar ɗakin ƙasa ta leƙa daga saman matakala. In ta ga layuka cike suna ƙyalli sai ta sauke ajiyar zuciya. "In dai ɗakin Mama a cike yake, hankalina a kwance yake," in ji ta. Sayen wasu kwalabe ya cike giɓin ba zai yiwu ba, Irma ta san nata kamar 'ya'yanta. Ɗora wani waken ma babu hali, Wannes ya tumɓuke kunyoyin ya shuka kayan hunturu. Gaba kura, baya sayaki.

Nan ne Firmin ya yi abin da ko yaro ba zai yi ba. Ya buɗe gwangwanin da ake tara ƙarafuna, ya sauka, ya danne kowane murfin wake, mai lafiya da marar lafiya. Ya juya su ta yadda ƙarfen ba ya ganuwa sosai daga sama. Ya ce a ransa ai shi ke ɗauko abinci daga ƙasa, ba zai bari a buɗe ko ɗaya ba. In hunturu ya shigo zai riƙa zubar da su ɗaya bayan ɗaya kamar ci ake yi. Washegari Irma ta sauka da tsummanta. Ya tsaya a saman matakala yana jiran ta ɗaga murya. Ta shafa kwalaben da ƙarafunansu, ɗaya bayan ɗaya, tana 'yar waƙarta. Ba ta ga komai ba. Wannan ya fi masa faɗanta ciwo.

Lokacin kaka ya shigo. Jar tuta ta koma kan kabewa da kabeji, kicin ya cika da ƙamshin miya. Kwanakin suka yi daɗi har Firmin ya fara tunanin ko ya tsallake.

Ran wata Lahadi Hilde ta zo da 'yarta Fien, yarinya ƙarama mai surutu wadda haƙoranta na gaba suka fita. Aka ci kaza da dankali da dafaffen tuffa. Irma ta yi kyau ranar, ta tuna sunan malamar Fien, ta tsokani Hilde a kan gashinta da ta rage. Firmin na ta kallonta yana jin daɗi. Bayan kofi gajiya ta kama shi, ya ɗan kishingiɗa a kujera. Ƙarar rufe but ɗin mota ce ta tashe shi.

Ya fito ya tarar da su a tsakar gida ana sallama. Fien ta rugo ta rungume ƙafarsa.

"Kaka ta ba mu wake. Akwati guda. Ni zan cinye."

"Wane wake?"

"Na bana mana," in ji Hilde tana neman makulli a jaka. "Har ta danne mini su da ƙarfe saboda hanya. Ka ga yarinyar nan, daga kwalba take ci da hannu, ko ɗumamawa ba ta bari a yi. Gobe ma shi zan sa mata a abincin makaranta."

Firmin ya matso kusa da motar.

"Ki bar su, zan kawo miki da kaina."

"Da wace motar, Baba?"

"Na bana bai yi daɗi ba. Ya yi gishiri. Ki ɗauki tumatir."

"Ji tsohon nan," in ji Irma. "Rowa yake yi. So yake ya cinye shi kaɗai a ɓoye, ai halinsa ne yanzu. Tafi da abinki."

Hilde ta yi dariya, ta sumbace shi a kumatu, ta ɗaure Fien a kujerar baya, ta shiga ta tayar da mota. Firmin na tsaye. Ya yi tunanin ya kira ta anjima a waya ya ce ta zubar, amma me zai ce in ta tambayi dalili? Ya yi tunanin wataƙila waɗanda aka ɗauko masu lafiya ne. Wataƙila. Fien ta manna fuskarta a gilashi tana yi masa gwalo ta giɓin haƙoranta. Mota ta fara ja da baya.

Ya ɗaga hannu ya buga bayan motar da tafinsa.

Hilde ta taka birki ta leƙo. "Lafiya?"

"Buɗe but."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya jawo akwatin zuwa bakin but, ya ɗauki kwalbar farko, ya cire ƙarfe ɗaya, ya cire na biyu. Murfin ya ɗaga da kansa, ruwa mai kumfa ya gangaro masa a yatsu. Ya ajiye ta a ƙasa ya ɗauki ta biyu. Ita ta riƙe. Ta uku ta buɗe. Ta huɗu ma. Bai tsaya ba sai da ya gama da akwatin. Fiye da rabi sun buɗe.

Hilde ta girma a kicin ɗin nan, ba ta bukatar bayani. Ta dubi kwalaben, ta dubi motar inda 'yarta ke zaune.

Irma ce ta fara magana. Ta durƙusa ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba ta a hasken rana, kamar yadda take yi wa na matan da ke kawo mata ƙara.

"Wannan ba a dafa shi ba. Ko rabin lokaci bai samu ba. Wa ya yi wannan aikin?" Ta ɗago kai. "Firmin, ka taɓa mini tukunya?"

Ya dubi 'yarsa. Ya san ta riga ta gane, ƙarya ba za ta ƙara sayo masa ko yini ɗaya ba. Duk da haka ya ce, "Ni ne."

Irma ta girgiza kai. Ta tattara kwalabe biyu a ƙirjinta ta shige gida, ta ce bari ta wanke su kafin su yi tabo.

Hilde ta jira har ƙofa ta rufe.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun farkon bazara. Ko kafin nan. Ban sani ba."

"Kai ka sa ƙarafunan?"

"Ni na sa."

"Da ba ka farka ba fa? Da Fien ta ci fa?" Muryarta ta karye. Ba ta ɗaga ta ba saboda yarinyar, amma da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

"Na sani. Ba ni da abin cewa." Ya kama hannun rigarta. "Hilde, ki bar mana hunturun nan kawai. Zan kula. Zan cire gas, zan riƙa bin ta ko'ina. Ba ta san wani gida ba sai wannan. Ni ma ban san yadda ake kwana ba ita ba."

Hawaye ya zubo wa Hilde, ta share da bayan hannu.

"Gobe zan ɗauki hutu in dawo, mu kai ta wurin likita. Abin da ya ce shi za a yi. Ba zan iya yi maka alkawarin komai ba, Baba. Ka kusa kashe kanka da ita da 'yata don kana son ta. In na bar ku, me zan tarar nan gaba?"

Ya san gaskiya ta faɗa. A tsallaken titi labulen Remi ya motsa.

Ƙofa ta buɗe, Irma ta fito tana goge hannu. Ta ga idon 'yarta ja, ta ja ta gefe kusa da shingen furanni. A ganinta raɗa take yi, amma kunnenta ya yi nauyi, muryarta na kaiwa har inda Firmin yake.

"Kada ki yi wa babanki faɗa. Tsufa ne. Tun bazara ya fara mantuwa, ni ina lura da shi. Makulli a firji, murhu a kunne, ya je gona ya kwashe rabon mutane. Ya sauka ƙasa ya cinye wake shi kaɗai, ya ce yunwa. Shi da bakinsa yake amsawa, abin tausayi. Ban faɗa miki ba ne don na san halinki, za ki ce a kai shi inda aka kai Odile." Ta riƙe hannuwan Hilde duka biyu. "Don Allah kada ki raba mu. Ni zan iya da shi. Ƙarfina bai ƙare ba, kin ga dai gidan. Ki bar mini shi."

Hilde ta rungume ta, ta ɓoye fuska a kafaɗarta, jikinta na girgiza. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "To, Mama."

Da motar ta fita ta ɓace a kwana, Irma ta dawo wurinsa. Yana nan tsaye a tsakanin kwalabe, ruwan wake ya jiƙa masa takalmi. Ta gyara masa wuyan riga, ta ɓalla maɓallin sama da ya bari a buɗe.

"Shiga ciki, tsoho, sanyi ya fara. Kuma ka daina wannan fuskar. Na yi mata magana, ta yarda. Babu inda za a kai ka."

Firmin ya ce ya gode.